Tafinta a Tashar Bradford

Kakana Ɗan'azumi jaki tara ya kora zuwa Gwanja,
ya kai kanwa, ya dawo da goro
da faso a diddige wanda kwabo kan shige ya ɓace.
Ni jakina ɗaya ne, baƙi, mai zif,
ni ke goyon sa, ba ya cin ƙaiƙayi,
sai wayar da ke cikinsa, kullum da yunwar wuta take kwana.

Yau Bradford. Tun asuba ake ruwa,
ba irin namu mai tsawa da alkawarin gero ba,
yayyafi ne mai naci,
kamar mai bin bashi da ya san ba ka da shi.

In ka tambaye ni sana'ata, sai in ce: ta wace rana?
A Alƙahira na yi wa ɗalibai aski a kan bene,
almakashi ɗaya, madubi mai tsaga.
A Istambul na ɗaure wa 'yan Kwari dilar abaya,
na ci la'ada, na ci zagi, duk na haɗiye da shayi.
Wata uku ƙarnin kifin Hull bai bar yatsuna ba,
har liman ya ɗan matsa da na shiga sahu.

Tabawa ce ta buɗe mini ido a Leeds,
tana zana wa amaryar Pakistan lalle,
ko kallona ba ta yi ba ta ce:
"Ɗauki hajar da kwastan ba sa aunawa."
Na lalube jaka, na lalube aljihu,
ashe hajar tana bakina tun ina rarrafe.

Yanzu harshe nake sayarwa, minti-minti,
kamar mai awon gishiri da cokali.

Ina kan benci, ina jiran motar Glasgow,
waya ta yi kuka. Asibiti ne.
Wata likita, muryarta ta kwana ba barci,
da wani tsoho daga zangon Kumasi, Baba Lawandi,
numfashinsa kamar zuga-zugin da ya huje.

Ta ce in tambaye shi ciwon,
daga ɗaya zuwa goma, nawa ne?
Na tambaya. Ya yi shiru. Ya ce: "Da sauƙi."

To, ga inda gizo ke saƙa.
In na miƙa mata kalmar yadda take,
za ta rufe takarda ta wuce gado na gaba.
Na ce: Likita, ya ce da sauƙi,
amma mu ko ana haƙa mana kabari haka muke cewa.
Rubuta tara.

Na ji alƙalaminta yana tafiya.

Sai tsohon ya ce: "Yaro, kai ɗan ina ne?"
Dokar aiki ta ce tafinta ba shi da gari,
bututu ne, ruwa ya bi ya wuce.
Na ce: Ɗan Gumel, Baba.
Ya ce: "Kai! Akwai gero bana?"
Shekara shida rabona da ganin zangarniya.
Na ce: Akwai, Baba. Da sauƙi.
Ya yi dariya har tari ya ƙwace ta.

Minti goma sha ɗaya.
Ya isa shayi da burodi, bai kai kuɗin mota ba.
Kakana da ya ji wannan ciniki
da ya ce: "Ina ribar?"

Ban sani ba, Kaka.
Ga motar can ta kunna fitila,
direba na duba sunaye, zai karya nawa gida biyu.
Na goya jakina, na share ruwa a fuska.
Wayar saura kashi huɗu,
wani kuma, a wani gari, yana neman bakina.